Mai Ƙirga wa Inna Raka'a

Mantuwa ta fara kama Inna ne daga wajen tukunya. Sai ta sa wa miya gishiri, ta juya ta sake sawa, mu ci muna dariya tana zaginmu. Ranar da abin ya shiga sallarta dariya ta ƙare. Na dawo daga makarantar da nake koyarwa a Bakura na tarar da ita zaune kan darduma tana kuka, ƙafafunta sun kumbura. Tun Azahar take tashi tana zama, ta kasa gane ko ta yi biyu ko ta yi huɗu, duk sanda ta yi shakka sai ta sake daga fari.

Kawuna, ƙanenta, malami ne. Ya zo har gidanmu a Mafara ya lallashe ta, ya ce wanda Allah ya ɗauke wa tunani ya ɗauke masa alƙalami, babu laifi a kanta. Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"Tun ba a haihe ka ba nike salla," in ji ta. "Ba ni zuwa gaban Ubangijina da salla guntu-guntu."

Wannan ne tsoronta, ba mutuwa ba. Ni kuwa Asuba da Magariba da Isha'i kaɗai nake gida. Ko su ɗin, Allah ya sani, ba mai haƙuri ba ce ni. In ta tashi inda ya kamata ta zauna sai muryata ta ɗaga, ita kuma ta ƙara rikicewa. Azahar da La'asar ba kowa. Mijina ya rasu, 'yan'uwana maza kowa na gonarsa.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata tsohuwa 'yar Zuru, Kirista, wadda kowa a layin ke kira Mama. Mijinta ya yi aiki a madatsar ruwa ta Bakolori har ya rasu, ita ta zauna tana suyar ƙosai. Ban taɓa roƙonta ba. Kukan Inna ta ji ta kan katanga wata rana ta shigo, da na dawo na same su suna gardama kan wadda ta fi iya daka yaji. Mama ta ja ni gefe ta tambaye ni raka'a nawa ce Azahar, a ina ake zama, a ina ake sallamewa. Na gaya mata a gurguje, ina ganin abin kwana biyu ne.

Ashe ba haka ba ne. Da an kira salla sai ta sauke kaskonta, ta wanke hannu, ta shigo da 'yar kujerarta. Ta zuba wa Inna ruwa a buta, ta zauna a bayanta daga gefe. Ba ta faɗin komai sai kalma uku, a hankali: zauna, tashi, sallame. Ranar Asabar nakan tsaya daga ɗaki ina kallonsu. Idon Mama na kan bayan Inna, leɓɓanta na motsi. Na taɓa tambayarta ko ƙirga take yi. Ta ce ƙirgar a yatsu take, bakin kuwa addu'arta ce, tana roƙon Allah cikin sunan Yesu ya riƙe wa tsohuwar nan hankalinta har ta idar.

Gaskiya maganar ta tsaya mini a rai, kuma ba ni kaɗai ba. Matan layi sun yi ta ƙananan maganganu, har aka kai wa Kawu. Ya zo wata La'asar ya tsaya a bakin zaure ya gani da idonsa. Ya jira har Inna ta sallame, sannan ya gaida Mama gaisuwa mai tsawo, ya tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ya tafi. Ban sake jin zancen ba.

Mama ma ta sha nata. Ranar Lahadi tana baro coci kafin a gama gaishe-gaishe, ta iso tana haki da ɗankwalinta na ado. Masu sayen ƙosan yamma da yawa sun koma wani wuri. Da na yi mata maganar, har da ɗan faɗa don kunya ta ishe ni, sai ta ce Allah ya ƙaunace ta ba don ta cancanta ba, ita kuma ba ta iya wa'azi ba, abin da ta iya ke nan. Inna, wadda a lokacin sunana ma yakan ɓace mata, ba ta taɓa manta Mama ba. Ƙanwata take ce mata, tana yi mata tsiya wai ƙosanta ya cika mai.

Sai hanyoyi suka lalace. 'Yan bindiga suka tare motar da ɗan Mama na fari yake ciki a hanyar Maradun, bai dawo da rai ba. Mun je mata gaisuwa, mun zauna da matan cocinsu suna waƙoƙinsu cikin kuka. Kwana kaɗan bayan binne shi ta shigo da kujerarta, idanunta a kumbure. Na ce ta koma ta huta. Ta ce a ɗaki tunani ke cinye ta, gara nan.

Sauran 'ya'yanta ba su yarda ta ci gaba da zama ba, kuma ban ga laifinsu ba. Suka zo da mota suka kwashe ta zuwa Zuru. Kafin ta shiga motar ta sa na yi alkawarin barin wayata a gida wurin matar ƙanena, wadda ba ta daɗe da tarewa a gidanmu ba. Tun daga ranar, da lokaci ya yi sai wayar ta yi ƙara. A ajiye ta a gefen darduma, Inna ta riƙa ɗaga kabbara da ƙarfi, Mama na bin ta da kunne daga can. Inna ta ɗauka tana bayanta ne kamar kullum, in ta sallame har ta waiwaya ta ce a ba ƙanwarta ruwa.

Ana haka aka katse layukan waya a jihar gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Makarantu ma aka rufe, na dawo gida. Na zauna inda Mama ke zama, na koyi sassauta murya, da ƙyar. Inna takan bi ni wani lokaci, wani lokaci ta tsaya cik tana jiran ɗayar muryar. Jikinta ya yi ta raguwa, ta koma salla a zaune. Cikin waɗannan makonni ta rasu, da hantsi, ba ta wahala ba. Ba yadda za a yi in sanar da Mama. Masu hali suna tafiya har Sakkwato don su yi waya, ni ko ƙofar gida ban iya fita ba don zaman makoki.

Ranar da layi ya dawo ban ma sani ba. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ladan ya kira Azahar, wayar ta yi ƙara a kan taga. Ko gaisuwa Mama ba ta tsaya yi ba.

"'Yata, ta yi alwala? Aje ni kusa gare ta."

Na gaya mata. Sai ta tambaye ni wa ya ƙirga wa Inna sallarta ta ƙarshe. Na ce ni ce, sallar Asuba.

"Ta cika?"

"Ta cika, Mama. Ta sallame da kanta."

"To, na gode wa Allah," in ji ta. Ta ce kullum tana zama da wayar a hannu a lokacin nan tana yi wa Inna addu'a, ko da kiran ba ya shiga. Ta tambaye ni ko zan bar ta ta yi mini tawa addu'ar yanzu. Na ture farantin shinkafar gefe na ce ta yi.