Ba a Kunna Lasifika a Makokin Malam Haladu ba

Ina gona ina ɗaure damin gero sai Tanko ɗan acaɓa ya tsaya a bakin hanya ya kashe babur. Tanko ba ya kashe babur ɗin nan sai da babban dalili, don in ya mutu sai an tura. Ya sauko ya durƙusa ya ce, "Baba Audu, sai haƙuri. Malam Haladu ya cika da asubar nan." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na zauna a kan damin.

Ni ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na yi sharaɗi kada a gyara mini magana. Wanda ta yi wa ɗaci ya sha ruwa.

Malam Haladu haifaffen Sundimina ne, mazaunin Gwaram. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin taron siyasa tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ya san muryarsa. Shi ke fara hawa duro ya ɗumama jama'a kafin manya su yi magana. Mutumin wani babban jagora ne na ƙasa, wanda ake jin jawabinsa a rediyo daga nan har bakin teku. Ba zan faɗi sunan jagoran ba, na daɗe da hana bakina ɗaukarsa. Shekarun baya ya zo Birnin Kudu, Haladu ya share masa fage, jagoran ya tashi ya yi jawabin da ya sa har ni na yi tafi sai da tafin hannuna ya yi zafi. A cikin jawabin ya yi mana alkawarin gada a kan rafin da ke yanke mu mutanen Farin Dutse da damina. Har yau in ruwa ya yi ƙarfi, naɗe wando muke yi mu ɗora kaya a ka. Tun daga lokacin na koma ɗaya ɓangaren, kuma ban dawo ba.

Amma ban bar Haladu ba, shi ma bai bar ni ba. Duk ranar kasuwar Gwaram muna haɗuwa a teburin mai shayi. Gaisuwata ɗaya ce: "Haladu, ina gadata?" Sai ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Audu, tana nan tafe, siminti ne bai bushe ba. Mai shayi, zuba wa ɗan adawa, ka rage masa sukari, bakinsa ya saba da ɗaci."

In ana sa jawabin maigidansa a rediyo, yakan rufe ido ya ɗaga yatsa ɗaya. Kafin jagoran ya yi shiru, Haladu ya sauke yatsan. Yakan ce, "Ka ji ko? Ya san inda ake tsayawa a bar talaka ya numfasa. Wannan ba a koyo a makaranta." Ni kuwa in ce numfashin kaɗai muka samu. Yana ƙaunar mutumin nan da gaske, amma ƙaunar ba ta rufe masa ido ba. Shi da bakinsa yake gaya wa matasa, "Jawabi hadari ne. Manomin kirki ba ya fid da iri sai ya tona ƙasa ya ga laima."

Ban taɓa jin ya zagi uban kowa a kan duro ba. Yakan yi wa abokin hamayya ba'a har magoya bayan mutumin su yi dariya ba su sani ba, amma nan yake tsayawa. Yana cewa, "Kada ka zagi wanda gobe za ka ɗauki makararsa." Akwai shekarar da ya tsaya a gaban manyansu a Birnin Kudu, ana jira ya yi kirari, sai ya kawo maganar rafinmu. Aka daɗe ba a ƙara kiransa taro ba. Bai taɓa gaya mini ba, a bakin wasu na ji. Da na tambaye shi sai ya ce maƙogwaronsa ne ke hutawa.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti na je dubiya. Muryar nan da ke cika fili ta koma sai ka kai kunne. Ya kama hannuna ya ce, "Audu, zan ba ka aiki, don duk ƙasar nan ba wanda ya kai ka taurin kai. In na tafi, kada ka bari a kunna lasifika a ƙofar gidana." Na ce, "Kai da ka tsufa da lasifika a baki?" Ya ce, "Shi ya sa na san ta. Da an fara jawabi, mutanenku za su karkaɗe riga su tafi da addu'arsu. Na tara tafi da yawa, ba ya shiga kabari. Addu'ar garin nan nake so, duka, ba rabi ba." Na ce na ɗauka.

Ranar addu'ar uku ƙofar gidan ta cika. Nasu da namu duk a tabarma ɗaya, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Ana cikin haka motoci suka iso, aka ce wakilin jagoran ne da saƙon ta'aziyya. Kafin ka ce me, an fara jan waya ana ɗaura lasifika a jikin darbejiya. Na duba na ga dattawan ɓangarenmu sun fara laluben takalma. Nasiru, babban ɗan marigayin, ya zo ya raɗa mini, "Baba, don Allah ka bari. Manya ne, kuma muna tare da su." Ban ga laifinsa ba, yana da ƙanne a bayansa. Na ce, "Ubanka ya riga su ba ni saƙo."

Na tashi da sandata na taka wayar. Wakilin ya fito da babbar riga da takarda a hannu ya ce, "Baba, lafiya? Saƙon maigida ne za a karanta wa jama'a."

Na ce, "Alhaji, sannu da zuwa. Mai gidan nan ya bar wasiyya ba a jawabi a makokinsa. In gaisuwa ka kawo, ga 'ya'yansa nan a zaune. Cire takalmi ka gaya musu kamar yadda kowa ya yi."

Wani daga cikin 'yan rakiyarsa ya ce, "Tsoho, ka san da wa kake magana?" Na ce, "Na sani, ɗana. Shi ma ya san ƙofar wa ya zo."

Ban ɗage ƙafa daga kan wayar ba. Alhajin ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Shi Malam ɗin ne ya faɗi haka?" Na ce da bakinsa. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya cire takalmi, ya zauna kusa da Nasiru. Ina jin sa yana cewa a hankali, Malam Haladu ne ya koya masa tsayawa a gaban jama'a, kuma bai taɓa yi masa gardama ya ci riba ba. Dattawanmu suka saki takalmansu. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

Haladu, ba wanda ya tashi. Nasu da namu, duk sun shafa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa, ba duro ba jama'a. Ka jiƙansa, Ka yafe masa abin da harshensa ya yi kuskure, Ka saka masa da zagin da ya haɗiye. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka ba matarsa Hajiya Talatu haƙurin rashin abokin zamanta, Ka riƙa wa Nasiru da ƙannensa, kada tsayuwar da na yi ta rufe musu wata ƙofa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, Ka kuma tara mana masu addu'a kamar yadda Ka tara masa. Amin.