Yaya Sanusi da Taraktar Surukinsa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sanusi, kuma har yau in na ji ƙarar sarƙa a kan dutse, ko da wajen masu gyaran titi ne a nan Belleville inda nake zaune, sai in toshe kunnuwana. Allah Ya jiƙan Yaya. Tarakta ce ta kife da shi a wani gangare, cikin gonar surukinsa da ke kan tuddai yamma da Lyon.

Mu 'yan Maradi ne. Karatun injiniya ya kai shi Villeurbanne kusa da Lyon, ya auri Odil, ɗiyar manoma, suka haifi Hadiza. A rumfar gidan su Odil ya tarar da tsohuwar taraktar, marar taya, mai tafiya kan sarƙa irin katafila, kaji na ƙwai a kujerarta. Kakan Odil ne ya saye ta bayan yaƙin duniya na biyu. Yaya kuwa in ya ga mataccen ƙarfe, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya tashe shi. Ya wargaza ta, ya wanke, ya haɗa. Bai tsaya nan ba, ya dinga bin tsofaffin ƙauyen yana tambayar ayyukan da ta yi. Wannan ya ce ita ta janyo itacen rufin makaranta, wancan ya ce ita ta fid da motar likita daga ƙanƙara, wata tsohuwa ta rantse ita ta kai kayan aurenta. Duk sai ya juye mini a waya har kunnena ya yi zafi, in ce masa, "Yaya, ni fa ban aike ka ba."

Mutum ɗaya ne bai tambaya ba: Marsel, uban Odil, wanda ya tuƙa ta tun yana saurayi. Kunyar suruki. Yaya ba ya cin abinci gabansa, ba ya kama sunansa, in ya gaishe shi kai a sunkuye sai ya sulale. A Maradi da an ce ga ɗa mai tarbiyya. Shi kuwa tsohon, duk bayanin da Odil ta yi masa, ya ɗauka mijin ɗiyarsa ba ya son ganinsa ne, sai shi ma ya kama kansa.

Ranar gaisuwar rasuwa na ji abin da ya faru daga bakin Marsel. Taraktar ba ta da sitiyari, sanduna biyu gare ta. A shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja na hagu ta yi hagu. Amma in tana gangarowa da kaya masu nauyi suna turo ta daga baya, sai abin ya juye: ka ja na hagu, ta yi dama. Yaya a filin gida ya koyi tuƙa ta. A kwanar da ya kife, hanya hagu ta yi, dama kuma rami ne.

Watan jiya Hadiza ta kira ni. Yanzu ita ma ɗalibar injiniya ce, a makarantar babanta.

"Gwaggo, ta tashi! Kin ji kukanta?"

Na ji. Wallahi taraktar ce. Ashe ita da abokan karatunta sun daɗe suna gyaranta, kuma ta sa rana za ta sauko da itacen hunturu ta gangaren nan. Na yi faɗa, na yi magiya, na haɗa ta da Allah. Ta ce, "Gwaggo, ki zo dai." Na shiga jirgin Lyon.

Na tarar da ita zaune kan sarƙar, Marsel a kujerarsa ta guragu, ta fizge masa hula tana cewa ba ta bayarwa sai ya sake nuna mata yadda ake tuƙi a gangaren. "Tsohon mijina," take kiransa da Hausa, shi kuma ya amsa yana ɓaɓɓaka dariya. Sai na tuna Yaya ne ya koya mata haka tun tana ƙarama, ya ce a wajenmu jika abokiyar wasan kaka ce. Abin da ya kasa buɗe baki ya tambaya, ita ta ƙwace shi da tsokana. Ko me Yaya zai ce da ya gan su? Ina jin zai sunkuyar da kai ne kamar kullum, ya laɓe bayan rumfa yana sauraro.

Wannan bai rage mini tsoro ba. Ta hau, itace shaƙe a baya, ta fara gangarowa, ƙasa na girgiza ƙarƙashin ƙafafuna. Odil ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ni na tsaya kusa da tsohon ina jan Hasbunallahu. Da ta iso kwanar, na ga hannunta ya kama sandan dama, ɓangaren rami. Na san bayanin sarai, amma sai da na ƙwalla ƙara.

Taraktar ta yi hagu.

Har yanzu ina tsoro, domin Hadiza ta ce baɗi ma za ta sake. Abin da Yaya ya bari ke nan: ƙarfen da ya tasa, kunyar da ta rufe masa baki, da wasan da ya sa a bakin ɗiyarsa. Amma abin da ba ya barin idona shi ne Marsel. Da na waiwaya, hannunsa na dama na sama, ya riƙe sandan da babu shi, hawaye na bin gemunsa. Ba sunan Hadiza yake kira ba. "Dama, Sanusi," yake cewa. "Ja na dama, ɗana."