Begilar Maigidana da Bajamushensa

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Tandabawi a Makka, akwai wani mutum da na tsana ban taɓa ganinsa ba. Bajamushe ne. Shi ya koya wa maigidana busa lokacin yana ɗan badujalar soja a gida, kuma shi ke tsara musu kiɗan fareti da kansa.

Mun zo Hajji muka zauna, babu iƙama, wato takardar izinin zama. Maigida ya koma tura alhazai a arabiyya, keken marasa ƙarfi, amma Bajamushen nan ya biyo mu har ɗaki a bakin maigida. In na sa abinci, Bajamushe ya ce mai busa ba ya cika ciki. In na yi faɗa, Bajamushe bai taɓa ɗaga murya ba. Ni da na haifa masa 'ya'ya, nake soya ƙosai a unguwar Misfala rana tana dukana, ban taɓa jin "sannu" mai daɗin da yake kiran wannan mutumin da shi ba.

Wata shekara wani tsohon abokin aikinsa ya zo Umra, ya ce ai Bajamushe ya rasu a ƙasarsu. Maigida ya zauna a ƙasa yana kuka. Ranar da na kusa mutuwa wurin haihuwa, ruwa kawai ya miƙo min.

Sai ya jawo begilarsa daga ƙasan akwati. Wai al'adarsu ce, in mai busa ya mutu, a busa masa sallama.

Na ce, "Alhaji, a nan? Ka busa, 'yan sandan shurɗa su zo su kwashe mu da yaran a kan wani Bature?"

Ya ce, "Hajiya, ko sau ɗaya ne."

"Ko rabi."

Ranar bai ci abinci ba. Da azahar ta wuce, mukayyif ɗin maƙwabta masu sanyaya ɗaki duk suna ruri, na cusa tsumma a bakin begilar, na danna filo a kanta, na miƙa masa, na je na tsaya a ƙofa ina leƙen lungu. Da ya busa, abin da ya fito kamar kukan akuya a rijiya. Shi kuwa ya ƙame, ƙirji waje, har ya gama.

Na ce, "To ni in na mutu me za ka busa min?"

Ya ce, "Ke a Harami zan sallace ki. Shi ba ni da abin ba shi sai wannan."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma na san nawa ya fi. Amma shi ya riga ni tafiya, Allah Ya jiƙansa, nawa bai samu ba. Bajamushe kuwa ya karɓi nasa cif, kuma ni na yi masa gadi.