Yadda na kori ƙawayen 'yata daga karatun fiziya

Shekarun baya, kafin yaƙi ya watsa mu, ina gyaran rediyo da fanka a Kasuwar Libiya da ke Omdurman. Ni a aji shida na firamare na tsaya, amma 'yata ta fari ta kai ajin ƙarshe na sakandare a Omdurman. Kanta na ja, kuma injiniya take son zama.

Sai aka kawo musu sabuwar ustaza, wato malama, ta fiziya, darasin da wasu ke kira fiziks. Wai ba ta tsayawa gaban allo. Huɗu-huɗu take zaunar da su, ta zube musu batir da waya da ƙwan fitila, ta ce su yi ta gardama har su gano. Tun ranar hankalina bai kwanta da ita ba. Malamar da ba ta koyarwa, aikin me take yi?

Kullum bayan la'asar 'yan teburinsu uku su sauko daga raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, a ƙofar gidana. 'Yata ta yi ta bayani har muryarta ta dushe, su kuwa suna shan shayina. Mu a kasuwa ko ɗan'uwanka ba ka nuna masa inda kake saro kaya. Na kira ta gefe.

"Waɗannan cin ki suke. Wahala taki, maki nasu. Daga yau ki rufe littafinki."

"Yaba," wato baba, haka take kirana, "ustaza ta ce tare za mu..."

"Ustaza ce ta haife ki?"

Ta bi maganata. Wata biyu ba wadda ta sake zuwa.

Ashe ranar gwaji ƙuri'a ustaza ke jefawa a kowane tebur. Wadda ta faɗo wa ita za ta tashi ta yi bayani, makin da ta samu kuma na su huɗun ne. Ta faɗo kan mafi rauninsu, duka suka faɗi. Na ce to ga zaluncin da nake faɗa. Sai takardar da 'yata ta rubuta ita kaɗai ta fito, ita ma ba kyau.

"Yaba," in ji ta, "ni ma sai ina faɗa musu nake ganewa. Tambayar shirmen da suke min ita ke nuna min inda ban iya ba."

Da ƙafata na bi gidajen ukun, da furfurata, ina ba yara haƙuri. Biyu suka dawo. Uwar ta ukun ko ƙofa ba ta buɗe min sosai ba.

'Yata ta ci jarrabawar shahada ta gama sakandare, amma makinta bai kai na injiniya ba, fiziya ce ta ja ta ƙasa. Har yau ina zargin ustazar nan hanyar hutawa ta samar wa kanta. Sai dai 'yata ba ta taɓa ce min ni na jawo ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa, da ya fi min sauƙi.