Ruwan Farko a Motar Kawu Idi

Jama'a, yau na shiga jar motar Kawu Idi!

Tsohuwar nan mai rumfar da ake naɗewa, wadda wani likita Bafaranshe ya bar mashi tun ba a haife ni ba. Kujerun fatarta ko yatsa ba ya bari a ɗora masu.

Na raka shi Korahane, rumfa a naɗe, masu amalanke suna ta ɗaga mana hannu. Muna dawowa sai ruwan farko ya kece. Na zabura zan ja rumfa, ya riƙe mani hannu.

Na ce, "Kawu, kujerun!"

Ya ce, "Wata guda muna roƙonshi a masallaci. Yanzu ya zo, sai mu rufe mashi ƙofa?"

Haka muka shigo Dakoro sharkaf, yana ta dariya.