Kilishin da bai sha rana ba

A shekarun yaƙin Turawa na biyu muka sauka Treichville, can kudu kusa da teku, ni da maigidana, mahauci daga Damagaram. Kilishi ya iya, yadda mahaifinsa ya koya masa: a fere naman falle-falle, a shanya a rana, a tsoma a labu, wato kwaɓin gyaɗa da kayan yaji, a sake shanyawa. Amma iskar garin nan damshi gare ta. Kafin naman ya bushe ya yi fumfuna, sai mu zubar.

Na ga matan bakin ruwa suna busar da kifi a kan murhun laka. Na ce, "Maigida, mu gina irinsa mana, wuta ta yi mana aikin rana."

Ya ce, "Naman da bai sha rana ba, kada ki kira shi kilishi a gabana."

Damina biyu yana shanyawa yana kwashewa, har masu saye a kasuwar Adjamé suka daina nemansa. Ya ajiye wuƙa ya koma dako. A can ciwon ƙirji ya kama shi, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan na fita takaba na gina murhun. Naman ya bushe sarai, ya samu kasuwa. Har yau ban taɓa kiransa kilishi ba.