Neman Aikin Sussuka a Bayan Damagum

Kaka ce, an fara yankan gero, amma ni bana ban ji daɗin kakar a jikina ba. Shekarar a tsaitsaye ta zo mana. Abin da na saya yau, gobe ya ƙara kuɗi, in na zauna kuma sai in ji kamar na bar wani abu a kan wuta. Ku da kuka yi ta tambaya ina na shiga kwanakin baya, to ga inda na je.

Kun san baban yara bakanike ne a garejin manyan motoci nan Potiskum. Da mai ya yi tsada motoci suka rage tashi, sai ya wuni a gareji ya dawo da hannu fes, ba ko ɗigon baƙin mai. Ruwan farko na sauka ya tattara ya koma ƙauyen kawunsa can bayan Damagum, aka ba shi aron gona. Ni na zauna a unguwarmu ta Ngojin da yara ina suyar awara. Da gero ya nuna ya fito Damagum ya kira ni a waya, ya ce mu taso gaba ɗaya. Na ce to, amma me zan riƙa yi a can? Ni da shi mun san abin da ya noma ba zai kai mu wata damina ba, sai in ni ma ina shigo da wani abu. In babu aikin yi, sai dai in koma gidan yayana da yara, shi yana can mu muna nan, gida ya rabu biyu. Shi ya sa na ce bari in je in gani da idona kafin a ɗaure kaya.

Mun tashi da asuba, ni da wata maƙwabciyata da za ta suna Damagum. Yaran na bar su wajen mahaifiyata. A tasha da aka faɗi kuɗin mota sai da na sake tambaya, na ɗauka da na Damaturu aka haɗa ni. Aka cusa mu a ƙaramar mota, ƙafata ɗaya a kan buhun albasar wani, ɗayar ban san inda take ba har muka isa. Rana ta fito mana a goshi. Hagu da dama gonaki ne, an kwantar da karan gero, riɗi kuwa an ɗaure shi an jingina a tsaye yana shan rana. Maƙwabciyata tana ta ba ni labarin mai jegon, ni ina cewa "haka ne", amma ko ɗaya ban riƙe ba. Duk shingen jami'an tsaro da muka tsaya sai in ji kamar in sauka in koma.

A Damagum muka rabu. Na sayi dafaffiyar gyaɗa da rogo da ƙuli, na tsaya jiran akori-kura mai shiga daji, wadda ba ta tashi sai ta cika, kuma a wurin direbanta ba ta taɓa cika. An loda gishiri, buhunan wofi, jarkoki, katifa, da wata akuya da ta ƙi kowa sai gefen mayafina. Muna barin kwalta hanya ta zama yashi zalla. Mota ta kafe, maza suka sauka turi, mu mata muka zauna a gindin aduwa muna ba su ƙarfi da baki. Na ciro waya in ji lafiyar yara, babu sabis. Daga nan ban ƙara samun sa ba sai a dawowa.

A wata 'yar kasuwa motar ta ajiye mu, sauran tafiyar a amalanken shanu muka yi ta. Baban yara ne ya zo taryata. Ya rame, ya yi baƙi, amma ya yi dariyar da na daɗe ban gani ba.

Ƙauyen ƙarami ne, gidajen zana da rumbuna, rijiya ɗaya mai zurfin da sai an ɗaura wa bijimi igiyar guga ya ja. Mai tebur ɗaya ne, gishiri da ashana da sabulu ke nan kayansa. Matar kawu ta tarbe ni da fura mai nono, irin wanda ba a tsinka shi da ruwa ba, da dare kuma tuwon sabon gero miyar yakuwa. Ina gama gaisuwa na yi mata maganar awara. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yata, wa za ki sayar wa? Gari na wayewa kowa yana gona. Sai dai ki soya wa kaji."

Ta ce aikin da mace ke samun abu da shi yanzu ɗaya ne, sussuka. Inji ba ya son yashin hanyarsu, don haka mata ne ke haɗuwa ƙungiya, yau su sussuke damman wannan, gobe na wancan, in an gama mai hatsi ya sallame su da hatsi su raba. Shugabarsu wata tsohuwa ce 'yar Karekare, kowa Dada yake ce mata. In ta karɓe ka, ka shiga. In ba ta karɓe ka ba, babu inda za ka kai ƙara.

Da safe matar kawu ta raka ni masussuka, wani fili da aka share tas a bayan gari, turame a jere, dammai a jibge. Na durƙusa na gaishe da Dada. Gajeriya ce, busasshiya, Hausarta a karye amma ba ta da wuyar ganewa. Ta kama tafin hannuna ta juya shi kamar mai taya kifi.

"Daga ina?"

"Daga Potiskum, Dada."

"Ku ai a mudu geronku yake tsirowa."

Matan suka kwashe da dariya. Ta ara mini taɓarya ta nuna mini turmi. Na yi daka a gidanmu ina yarinya, amma dakan yaji daban, sussukar zangarniya tun safe daban. Kafin rana ta take hannuna ya yi bororo. Na ci gaba da daka. Wata mai goyo da muke turmi ɗaya tana ta ce mini, "Sannu 'yar birni, saura kaɗan," alhali damman ko motsi ba su yi ba.

Bayan azahar iska ta taso. Nan take kowa ta jefar da taɓarya ta ɗauki ƙwarya, don sheƙa sai da iska, iskar kuma ba ta jira. Suka jeru can ƙarshen fili a tsakiyar rana, suna ɗaga ƙwarya sama suna tsiyayowa, tsaba ta zube ƙasa, ƙaiƙayi ya bi iska ya yi daji. Ni kuwa na waiwaya na hango wata tsamiya a ɗaya gefen, inuwarta luf, babu kowa. A raina na ce, bayin Allah, ga inuwa kyauta sun zaɓi rana. Na ciko ƙwaryata fal na tafi gindinta, na gyara tsayuwa, na ɗaga sama yadda na ga suna yi.

Ashe ta wajen tsamiyar iskar ke fitowa.

Wanda bai taɓa haɗuwa da ƙaiƙayin gero a jikin da ya yi gumi ba, ba zai gane ba. Na ɗaga ta biyu kafin na ji ihu. Mata suka watse suna kakkaɓe zani, suna susar wuya, jaririn mai goyo ya tsanyara kuka. Ana ta magana da yaren da ba na ji, amma na san ba addu'a ake mini ba. Mafi muni, ƙaiƙayin ya sauka a kan tulin tsabar da suka gama gyarawa tun jiya. Kafin a dawo cikin hayyaci iska ta kwanta. Mai hatsin ya zo da amalanke da buhuna, ya duba tulin, ya juya shanunsa ba komai. Ranar ba wadda ta tafi gida da ko ƙwaya.

Dada ba ta zage ni ba, na fi son a ce ta zaga. Ta karɓi taɓaryar da ta ara mini ta wuce.

Da yamma baban yara ya same ni a bayan ɗaki ina shafa man gyaɗa a hannu. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ba ki saba ba ne. Gobe in raka ki mota, Allah zai kawo wata hanyar." Na san wace hanya yake nufi, gidan yayana. Matar kawu tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago ba ta ce, a al'adar masussuka wadda ta ɓata tuli ita kaɗai take sake sheƙe shi, ba mai sa mata hannu. Ba a aikawa a kira ta, ba a kuma hana ta. Ta ce baƙi da yawa kunya ke hana su komawa.

Kunyar kam na ji ta. Amma na auna ta da yarana suna girma a tsakar gidan wani, sai na ga ba ta kai ba.

Da gari ya waye na koma masussukar. Na gaishe su, wasu suka amsa ciki-ciki. Tulin yana nan an kewaye shi, ba a taɓa ba. Na ɗauki ƙwarya na zauna kusa da shi ina jiran iska. Ban taɓa sanin jiran iska aiki ba ne sai ranar. In tashi, in zauna, in dubi ganyen tsamiya, ko motsi. Zuciyata ta tafi Ngojin, ko ƙaramin ya ci abinci, ko babbar ta tafi makaranta, sai zuciyar ta dawo ta tsaya a kan tulin nan. Su kuwa suna ta lugudensu kamar ba ni a wurin.

Can Dada ta zo wucewa ta gabana. Ta sunkuya ta ɗebi ƙaiƙayi kaɗan da yatsu, ta ɗaga ta sake shi, ta bi shi da ido har ya sauka, ta wuce. Ba ta dube ni ba. An jima ta sake zuwa ta yi haka. A karo na biyun ne na gane da ni take. Na fara yi ni ma. Da fari a kan ƙafata yake zuba. Wajen la'asar na saki sai na ga ya karkata ya yi yamma. Na miƙe na zagaya inda babu kowa a bayan iskata, a cikin ranar nan da na raina jiya, na fara.

Kafaɗuna suka yi kamar za su cire, bororon ya fashe, ƙaiƙayi ya cika mini wuya duk da haka. Ba wadda ta taya ni. Mai goyon dai da ta zo wucewa ta ce a hankali, "Ɗaga sama sosai, 'yar birni, ba shayi kike sheƙawa ba." Rana ta yi ja na juye ƙwaryar ƙarshe.

Dada ta zo ta cusa hannu cikin tulin har gwiwar hannu, ta zaro, ta duba fatarta. Ta daɗe tana dubawa.

"Taɓaryar jiya ta jikata ce," ta ce. "Nan ba a aro sau biyu. In za ki dawo, ki zo da taki."

Na ce, "Na gode, Dada."

"Kar ki gode. Bayan gero akwai dawa, bayan dawa akwai wake. Za ki gode wa Allah in kin kai."

Da aka raba hatsi aka zuba mini nawa, ɗan kaɗan, na ƙulle a gefen zani. Baban yara ya karɓa ya jinjina shi a hannu, sai ya tashi ya fara auna inda zai kafa wa yara ɗaki.

A dawowa a kan buhunan riɗi na zauna har Damagum, ina riƙe da ƙarfen mota da bayan hannu don tafin ba ya taɓuwa. Muna hawa kwalta waya ta fara ƙara, mahaifiyata ce, ta ce yara lafiya, sun cinye mata gida. Da muka shigo Potiskum, ƙarar manyan motoci da hayaniyar 'yan keke suka tarye ni, na ji daɗinsu na kuma ji sun yi mini yawa. Yayana ya zo da magariba, ya ga hannuna ya ce, "Wannan wahalar kika zaɓa?" Na ce, "Yaya, ita ce ta karɓe ni."

Ba zan ce muku hankalina ya kwanta ba. Sussuka ta kaka ce, ban san me zan yi in rani ya yi nisa ba. Makarantar yara a wani ƙauyen take, asibiti kuwa sai Damagum. Abin da tafiyar ta koya mini bai fi wannan ba: in ka je garin mutane ka ga sun bar wuri mai daɗi sun tsaya a mai wuya, kar ka yi saurin tausaya musu, tambaya tukuna. Kuma in ka yi ɓarna, komawa wurin da safe ya fi wuyar ba da haƙuri, amma shi suke kallo.

Washegari da safe na ɗaure tafin hannuna da tsumma, na tafi kasuwa layin masassaƙa. Na yi ta ɗaga taɓare ina saukewa, har mai kayan ya gaji ya ce, "Hajiya, saya za ki yi ko gaisawa kike yi da su?" Na zaɓi wata mai nauyi wadda ta kai mini kafaɗa, na saɓa ta na bi titi da ita har gida.